Shekarar da Ban Tafi Cin Rani Ba

Na san abin da kuka taso kuna ji game da shekarar da ban tafi Kwatano ba. Wasu sun ce muku korata aka yi daga tashar jiragen ruwa, wasu sun ce ciwon baya ne, dangin uwarku kuwa har gobe cewa suke yi lalaci ne kawai ya sauko mini da rana tsaka. Ban taɓa tsayawa na musa ba, domin a lokacin ba ni da sukunin gardama, daga baya kuma na ga zancen ya tsufa. Amma yanzu da na ji jikokina sun fara maimaita shi suna dariya, na ga gara in zauna in rubuta yadda aka yi. Ku yi haƙuri da rubutun, da furfura a kaina na koye shi.

A garinmu Tungar Nomau, kamar sauran ƙauyukan da ke kewayen Ɗan Kassari, namiji mai lafiya ba ya daɗewa a gida bayan kaka. Da an sa damin ƙarshe a rumbu sai ka ga maza sun fara wanke jakunkuna. Wasu su yi Ikko, wasu Abijan, mu kuma Kwatano muka saba, inda na yi shekaru ina ɗaukar buhuna a ƙarƙashin wani mutumin Dumega da ake kira Alhaji Tankari. Wasu kan tafi da matansu da 'ya'yansu, mafi yawa kuma su bar yaran wurin kakanni mata, sai ruwan shuka ya sauka a ga juna. Haka muka tarar, haka muke yi, kuma babu wanda ya taɓa zama ya tambayi abin da wannan kai da komo yake yi wa makarantar boko, wadda mu nan muke ce wa lakwal. Gwamnati ta ba mu malami, ba ta ba mu gini ba. Ajinmu na kara ne, damina ta rushe shi, kaka a sake ɗaurawa. To, kara ba ya samuwa sai an yanke gero, ranar da aka yanke gero kuwa ita ce ranar da masu ɗaurin suke hawa mota. Sai malami ya zo ya zauna ƙarƙashin gawo da allonsa har sabuwar shekara yana jiran aji, yara kuma kowa ya kama gabansa, wannan rijiya, wancan kiwon awaki.

Abin bai dame ni ba sai da ya taɓa ni a gida. Rani biyu a jere na tafi da uwarku Hajo da yayarku Rabi. Kusa da ɗakin da muke haya akwai wata makaranta mai shingen waya, kullum da safe sai a nemi Rabi a rasa, sai a same ta ta manna fuska a jikin wayar tana bin bakin yaran da ke karatu. Wata rana na yi ta maza na kai ta ciki. Suka ce in kawo takarda daga makarantar da ta baro. Da muka dawo gida na je neman takardar, aka ce ai an goge sunanta tun watan da ta tafi. Can ba ta shiga ba, nan kuma an fitar da ita. Shekararta tara, tana iya ciniki da harsuna uku, amma ko harafi ɗaya ba ta sani ba. Ranar na ji kunyar da ban taɓa ji ba, kuma ban faɗa wa kowa ba.

A kakar da nake ba ku labari aka turo mana sabon malami, Mushe Bulus, wato Malam Bulus a bakin 'yan lakwal, wani saurayi Kirista ɗan Dogon Dutsi, siriri kamar sillen kara, mai yawan dariya. Ina cikin ɗaure gero a gona ya zo ya same ni, domin an gaya masa ni ne mai yawan tambaya a kan lakwal. Ya ce sufeton makarantu ya yi masa magana a fili kafin ya taho: malamai sun yi kaɗan, garuruwa da yawa suna roƙo, saboda haka bayan sabuwar shekara zai zo da kansa ya duba. In ya tarar da aji a tsaye da yara a ciki, makaranta ta zauna. In bai tarar ba, zai ɗauke malamin ya kai inda ake so, kuma Tungar Nomau ba za ta sake ganin alli ba sai abin da Allah ya yi. Na tambaye shi wa zai ɗaura ajin, ya dube ni ya yi dariya, ya ce shi ma tambayar da ta kawo shi ke nan.

Kwana uku ina juya abin a raina kafin na gaya wa uwarku cewa bana ba ni tafiya. Tana tankaɗe ne a lokacin. Ba ta ɗaga kai ba, sai da ta gama ta karkaɗe rariya.

"Maigida, mi za mu ci in rumbu ya ƙare?"

"Allah na nan."

"Allah na nan bara ma, amma Kwatano kat tahi."

Gaskiyarta ce, kuma ina so ku san haka. Geronmu bai taɓa kai mu damina ba sai da abin da nake aikowa. Ba ta yi mini ihu ba, uwarku ba ta iya ihu ba, abin da ta iya ya fi ihu zafi. Sati biyu tana ajiye mini tuwo kamar yadda ake ajiye wa baƙon da ya wuce kwanakinsa.

Ranar da babbar mota ta zo ɗaukar maza na je bakin hanya, na bi su ɗaya bayan ɗaya. Na roƙi kowane uba ya bar 'ya'yansa a gari, ya kuma yarda su shiga lakwal. Yawancinsu suka amsa, wasu don sun gane, wasu don in sake musu riga su hau mota. Da suka ga da gaske ba ni da jaka sai tsiya ta tashi. Wani abokin wasana ya leƙo daga saman kaya ya naɗa ni sarkin gadin mata, ya ce in kula masa da kajinsa. Aka yi ta dariya har motar ta tashi. Ni ma na yi dariyar, amma da na juyo na ga garin babu kowa sai tsofaffi da mata da yara da ni. Na koma gida ina ganin na gama babban aiki, tunda na sami bakin iyaye maza. A nan na yi kuskuren da ya kusa rushe kome, amma ban gane ba sai daga baya.

Aikin kara ba ya jira, in ka yi sanya shanun Fulani su riga ka. Ni da Mushe Bulus muka shiga gonaki da lauje da adda. Hannunsa na alli ne, kafin azahar ya yi kanta ya fashe, amma bai ajiye ba. Tsofaffi biyu da ba sa iya tafiya nesa suka zauna gindin gawo suna saƙa zana suna tufka igiya, suna kuma gyara mana duk abin da muka yi, ko daidai ne ko ba daidai ba. Na sari dirkoki a daji na ɗauko a amalanken jaki. A rana ta huɗu muna cikin kafa dirka sai na hango mata sun jero daga gonaki, kowacce da damin kara a kai, uwarku ce a gaba. Ta zo ta jefar da nata a gabana, ta ce wai ta gaji da ganin mutum biyu suna abin kunya a tsakar gari, ta juya ta koma ɗauko wani. Kafin wata ya mutu aji ya tsaya, da rufinsa da ƙofarsa, muka share ƙasa muka zuba yashi. Yara suka fara zuwa, yau biyar, gobe goma, har ajin ya cika ana zama a bakin ƙofa. Rabi kullum tana gaba, kamar za ta shige cikin allon.

Ana cikin haka saƙo ya zo daga Kwatano ta bakin wani direba. Alhaji Tankari yana gaishe ni, ya ce ya jira ni iyakar jira, jirage kuwa ba sa jiran kowa, ya ba wani wurina. Wanda bai yi aikin tasha ba ba zai san nauyin wannan magana ba. Wuri a can ba a samunsa sau biyu. Shekarun da na yi ina gina shi suka tafi a magana ɗaya, kuma ban sake samun aiki mai kama da shi ba har ƙarfina ya ƙare. Ranƙwafaffen ɗakin da kuka taso a ciki, da shekarun da muka ci tafasa kafin sabon gero, da awakin uwarku da suka tafi kasuwa ɗaya bayan ɗaya, duk daga nan suka fito. Ba na ɓoye muku wannan. Da na gaya wa Hajo, sai ta ce to yanzu sai lakwal ɗin ta zauna ko ta ƙi, tunda mun riga mun biya.

Da labari ya zo cewa sufeto zai iso ranar Laraba, sai na ga ya kamata kowa ya shirya. Na sa mai shela ya zaga gari ranar Talata da la'asar yana cewa gobe babban mutum zai zo da mota daga Dogon Dutsi, zai ƙidaya yara ya rubuta sunayensu, kowa ya wanke ɗansa ya fito da shi. Ni na tsara maganar da kaina, har ina jin daɗin yadda ta fita.

Laraba da hantsi farar mota ta tsaya gindin gawo. Sufeto ya fito, dattijo ne mai gilashi, ba mai yawan magana ba. Ya zaga ajin, ya girgiza dirka ya ji ta da ƙarfi, ya gyaɗa kai. Sannan ya sunkuya ya shiga. Yara bakwai ya tarar, su ma waɗanda uwayensu ke gari ne. Sauran, duk 'ya'yan masu cin rani da aka bar wa kakanni, ko ɗaya babu. Har Rabi, wadda ta kwana ɗakin mahaifiyata kamar yadda ta saba, ba ta nan. Mushe Bulus ya tsaya da littafin sunaye a hannu yana rantsuwa cewa jiya ajin cike yake. Sufeto bai yi faɗa ba, da ya yi ma da ya fi mini sauƙi. Ya ce ya sha ganin sunaye a takarda waɗanda ba su da ƙafafu, kuma akwai gari biyu a gabansa da suke roƙon malami. Na durƙusa na roƙe shi ya ba ni zuwa azahar. Ya dubi agogonsa, ya ce zai sha ruwa ya huta, in ya tashi ya tashi ke nan.

Na shiga gari da gudu, ni da gemuna. Gidan farko tsohuwa ta ce yaran sun tafi itace. Gida na biyu aka ce sun tafi biki Tibiri, wai tun asuba. A gida na uku ina cikin tambaya sai na ji atishawa daga cikin rumbu, tsohuwar kuwa ta dube ni ido cikin ido ta ce kaza ce. Nan na gane ɓoye su aka yi, na kuma san ba mai iya haɗa kan tsofaffin garin nan cikin yini ɗaya sai mutum ɗaya. Na nufi gidanmu.

Na tarar da Inna zaune a kan tabarma, ta jingina bayanta da rumbunta, sandarta a kan cinya. Na gaishe ta, ta amsa kamar ba abin da ya faru. Na tambaye ta ina Rabi da 'ya'yan ƙannena uku da aka bar mata.

"Suna inda nis sa su."

"Inna, uwayensu maza sun yarda. Ni da kaina nit tambaye su bakin mota."

"Su sunka yarda, su ka riƙonsu? Wa yat tambaye ni? Hannuna anka sa ɗiyan ga. Amana ta. Ba a rubuta ɗan mutum a sa shi mota ina zamne."

Na ce babu wanda za a sa a mota, ƙidaya ce kawai. Raina ya fara ɓaci, har na ɗaga murya, abin da ban taɓa yi mata ba. Sai ta dube ni, ta faɗi abin da ban taɓa ji ba duk tsawon rayuwata.

"Haka anka ce muna ranar Gado. Ƙanena na, shi ka bi na. Mai shela ya zaga awa na jiya, yac ce a wanke ɗiya a hito da su, za a ƙidaya. Ni niw wanke shi da hannuna. Anka rubuta shi, anka sa shi mota, anka ce lakwal za shi, Dutsi. Wata huɗu anka aiko muna da rigarshi. Ko kushewarshi ba mu gani ba."

Ni da nake ganin na san gidanmu ciki da waje, ban san ina da kawu mai suna Gado ba. Zamanin Nasara ne, tana yarinya, kuma tun ranar ba ta sake kiran sunansa ba. Ashe duk tsofaffin nan kowacce tana da irin wannan labari, nata ko na maƙwabta. Sun bar yara suna zuwa wurin Mushe domin suna ganinsa kullum a rijiya da kasuwa, kuma ba shi da mota. Ni ne na zo da bakina na maimaita musu shelar da ta raba su da 'yan'uwansu. Na bi maza har bakin hanya ina neman yardarsu, alhali masu tafiya ne, na bar waɗanda yaran ke kwana a ɗakinsu ko sallama ban yi musu ba.

Na zauna ƙasa a gabanta, fushin ya tafi, sai kunya. Na ba ta haƙuri. Sannan na nuna mata rufin ajin, wanda ake hangowa ta saman danga.

"Inna, ga lakwal can, daga nan kina ganin ta. In mutumin ga ya tashi bai ga ɗiya ba, rufe ta za shi yi. Ran nan duk mai son ɗanai shi yi karatu sai shi kai shi nesa, inda ba ki gani. Don kar a kai su ko'ina nib bar Kwatano."

Ta daɗe tana kallon rufin. Ina jin motsin yaran a bayanta, ina kuma kallon inuwa tana matsewa. Can ta dafa sanda ta miƙe, ta ce in buɗe rumbun. Na ciro su ɗaya bayan ɗaya, sun yi fari fat da ƙaiƙayi, Rabi tana kuka wai an sa ta makara. Na ce a kawo ruwa a wanke su, Inna ta ce a'a, wannan karon ba mai wanke kowa. Ta kama hannun biyu, biyu suka riƙe zanenta, ta fita. Ba ta shiga gidan kowa ba, a kowace ƙofa sai ta buga sanda ta kira sunan mai gidan ta ce ta fito da nata. Kafin mu kai gindin gawo, tsofaffi sun jeru a bayanta da jikokinsu, wasu daga rumbu, wasu daga ƙarƙashin gado, wani ma daga turken awaki.

Direba ya riga ya tada mota. Inna ta wuce kai tsaye ta tsaya a gabanta, ta kafa sanda. Sufeto ya fito ya gaishe ta da ladabi.

"Ɗana, ga su nan, ƙidaya. Amma ka hwaɗi gaban mutane: mutum nawa kunka zo cikin motar ga?"

"Mu biyu, Inna. Ni da direba."

"Ku nawa za ku koma?"

Ya cire gilashinsa ya dube ta. Ina jin ya gane, domin shi ma ba yaro ba ne.

"Mu biyu, Inna."

Yara suka shiga aji suna susa, Mushe Bulus ya buɗe littafi yana kiran suna, kowa na amsawa. Tsofaffin ba su tafi ba, suka zauna a rana suka kewaye ƙofar. Sufeto ya bi sahu yana dubawa, ya tsaya ya cire wa wani yaro zangarniyar gero daga gashi, ya yi murmushi. Ya rubuta abin da zai rubuta, ya ce da Mushe ya ci gaba da aikinsa, makaranta ta zauna. Da motar ta tashi, Inna ba ta motsa ba sai da ta ɓace, sannan ta leƙa cikin ajin ta sake ƙidaya nata huɗun da sanda.

Daga ranar na canza yadda nake aiki. Duk abin da ya shafi lakwal, tsofaffin nan nake fara samu kafin kowa. Su suka riƙa koro yara da safe, su suka hana a ɗauke su in kaka ta yi, kuma da muka fara zaryar ofishin magajin gari neman ajin siminti da rijiya, Inna ce ta hau amalanke ta raka mu har sau biyu.

Wajen ƙarshen ranin nan, rumbunmu ya kusa ƙasa, ina zaune da la'asar ina gyaran ƙota, sai na ji Inna ta kira Rabi ta ce ta zo da allonta. Ta tambaye ta ko yanzu tana iya rubuta sunan mutum. Rabi ta ce kowane ne. Inna a hankali ta ce ta rubuta Gado. Rabi ta lanƙwashe harshe ta rubuta, ta miƙa mata. Inna ta karɓa da hannu biyu, ta kai shi kusa da ido, ta daɗe tana kallo.

"Shi ke nan duka?"

"Shi ke nan, Kaka."

"Ashe ɗan kaɗan na."

Rabi ta miƙa hannu za ta karɓa ta goge, domin tana da aikin gobe. Inna ta rungume allon a ƙirjinta, ta juyo wajena, ta ce in nemo wa yarinyar wani.